Mai ganga ɗaya ko katamaran: amsa ga mai shirin zama a Mindelo

Malam, tsakanin jiragen ruwan nan biyu masu filafili da aka yi maka tayinsu domin ka tashi daga tsibiran Kanari ka je ka yada zango a Mindelo, birnin da ke tsibirin São Vicente na ƙasar Cape Verde, shawarata ita ce ka ɗauki mai ganga ɗaya, wato mai gangar jiki guda, ka bar wa masu shi katamaran ɗinsu, wato mai gangar jiki biyu a jere. Na mallaki kowane iri, kuma ɗaya kaɗai nake tunawa da alheri.

Wanda ke hannuna yanzu Hallberg-Rassy 352 ne, ƙirar Suwidin, tsawonsa mita 10 da rabi, faɗinsa bai kai mita 3 da rabi ba, kuma a shekaru ya girmi babban ɗana. Da shi na yi tafiyar nan da kake shiri, wajen mil 850 na teku daga Las Palmas ta Kanari, muka kwana 6 a kan ruwa, muka shiga a rana ta bakwai. A dare na huɗu iskar arewa maso gabas ta tsananta, igiyar ruwa tana dukanmu ta baya, sai muka rage filafili muka bar ɗan kaɗan a gaba. Jirgin yakan karkata har mutum ya fara salati, sannan nauyin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya dawo da shi tsaye a hankali, kamar ingarman da ya san mahayinsa, har abokin tafiyata ya samu sukunin dafa mana shayi. Da gari ya waye muka tarar jan ƙura ta lulluɓe igiyoyi da filafili, ashe ƙurar hunturu ce irin wadda ke tasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na Chadi, ta biyo mu har tsakiyar Atlantika. Na shaƙi ƙanshin Kano na watan Janairu a inda babu ƙasa ko ta ina, amma ka riƙe cewa wannan hazo yakan ɓoye tsibirin São Vicente har sai kun zo daf da shi.

Duk da haka, ba a kan teku ne bambancin ya fi fitowa ba, a wurin zama ne. Matsayar ƙananan jirage ta Mindelo, wadda Turawa ke kira marina, ba kuwa irin tamu ta Ƙofar Mata ba, tana cikin lungun ruwa na Porto Grande, inda iska ke gangarowa da ƙarfi kuma ruwa ba ya daina ja da saki, har igiyar ɗauri takan tsinke idan ba a sa mata kariya ba. Jirgi siriri mai nauyi ya fi sauƙin ɗaurewa a irin wannan wuri, alhali katamaran, saboda tsayin ɗakinsa da rashin nauyinsa, iska tana kama shi kamar faifai. Kuɗin wuri ma bisa girma ake yanka shi, kuma a yawancin matsayai mai ganga biyu yana biyan ƙari, sau da yawa rabin kuɗin a kan na asali, tunda katamaran mai mita 11 da rabi faɗinsa yakan kai mita 6 da rabi. Kuɗin Cape Verde, eskudo, a ɗaure yake da yuro, kimanin 110 a kowane yuro ɗaya, saboda haka kada ka sa ran araha don kawai ka iso Afirka. Ruwan sha kansa na teku ne da aka tace, kuma saye ake yi.

Sai batun gyara, wanda shi ne ya raba ni da katamaran ɗin da na taɓa saya. Inji biyu gare shi, farfela biyu, abin juya akala biyu, don haka duk abin da zai lalace sau biyu yake lalacewa, kuma a tsibiri mai nisan kilomita ɗaruruwa daga gaɓar Sanagal ba kowane ƙarfe ake samu a kanti ba, sai an aiko da shi daga Fotugal ko Kanari, ka zauna jiran kwastan. Ba kowace ma'aikata ba ce kuma take da injin ɗaga jirgi mai irin wannan faɗi idan lokacin wanke ƙasansa da fenti ya yi. Gaskiya dai katamaran ba ya karkata, yana da fili, yana shiga ruwa marar zurfi, kuma uwargida ta fi son sa. Iyakar yabon da zan iya yi masa ke nan.

Ba ka tambaya ba, amma dole in ja kunnenka game da dillalai, domin ni an taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa. Sabon fenti a ƙasan tsohon jirgin fiba, wato wanda aka ƙera da roba mai zaren gilashi, abin tuhuma ne, domin da shi ake rufe ƙurajen da ruwa ke haifarwa idan ya ratsa jikin fibar. Agogon da ke ƙirga awannin inji ana iya canza shi, don haka ka nemi rasit na gyare-gyare, kuma ka taɓa injin da hannunka ka tabbatar da sanyinsa kafin a tayar da shi a gabanka, tunda mai wayo yakan ɗumama shi kafin ka iso. Wayoyin ƙarfe da ke riƙe da doguwar sandar filafili kuwa, kamfanonin inshora da yawa suna so a canza su bayan kamar shekara 10, kuma mai sayarwa zai ce maka sababbi ne ba tare da takarda ba. Kada ka ba da kafin alƙalami a kan hoto, kada kuma ka yarda da mai binciken da dillali ya kawo. Ka ɗauko naka ka biya shi daga aljihunka, a fitar da jirgin daga ruwa, a auna danshin jikinsa, a duba kusoshin da ke riƙe da ƙarfen ƙasa, a kuma tantance takardun mallaka da na haraji.

Idan mai ganga ɗayan ya tsallake wannan bincike, ka saye shi, sannan rarar kuɗin ka zuba ta a Las Palmas kafin ka tashi: igiyoyin ɗauri masu kauri ninki biyu na abin da kake zato, matatun mai, bel, da robar famfon sanyaya inji guda uku.