Tubkal ko Simiyen: ga mai son kwanan tanti da yawon yini ɗaya a dutse

Malam, ka ce kai da abokanka kuna son ku kafa tanti a gandun tsaunuka, ku fita da safe ku taka da ƙafa, ku dawo masauki kafin magariba, amma kun rasa na zaɓa tsakanin Tubkal na Maroko da Simiyen na Habasha, tunda daga Yamai akwai jirgin Kasabalanka, akwai na Adis Ababa. Ga abin da zan ce.

Ka bar kallon tsayin ƙololuwa tukuna, ka dubi tsayin inda za ka shimfiɗa haƙarƙari. Yamai tana kan mita 200 da ƴan kai daga tsayin teku. Dutsen Bagzan na Abzin, wanda babu kamarsa a duk Nijar, mita 2,022 ne. Wuraren kwanan da kake magana a kai kuwa, a ƙasashen biyu, duk sun haura mita 3,000. A can numfashi ɗaya ba ya kawo maka iskar da ya saba kawowa a gida, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Abin da zai raba maka gardama shi ne yadda kowane dutse yake kai ka wannan tsayin, da kuma aikin da ya rage maka bayan ka isa.

Tubkal da ƙafa yake kai ka. Daga Marakesh mota za ta yi awa ɗaya da rabi zuwa ƙauyen Imlil, mita 1,740, cikin gonakin tuffa. Daga Imlil da ƙauyen Arumd da ke samansa mota ta gama nata, sai ƙafa da alfadari. Kaya a bayan alfadari, kai kuma ka yi awa biyar ko shida kana hawa har mita 3,200, inda akwai gidajen kwana biyu na ginin dutse da filin kafa tanti a gefensu. A tsakiyar hanya za ka tarar da wani ƙaton dutse da aka shafa wa farar ƙasa, wurin da ake ce wa Sidi Shamharush. I, Shamharushin nan da ake ce wa sarkin aljanu. Mutane na zuwa ziyara daga nesa, ga ƴan rumfuna ana sayar da lemo da aka jera cikin ruwan ƙorama don ya yi sanyi. Ni dai shayi nake sha in wuce.

Washegari ne yinin naka. Ana tashi kafin asuba da tocila ɗaure a goshi, a hau kusan mita 1,000 zuwa ƙololuwa mai mita 4,167, wadda ta fi kowace tsayi a arewacin Afirka. Babu igiya, babu rarrafe, amma hanyar ɓaraguzan dutse ce da tsakuwa mai zamewa, tamkar hawan tudun rairayi: ka yi taku uku, ƙasa ta ƙwace ɗaya. Awa uku zuwa huɗu hawa. A sama akwai wata dala ta ƙarfe da kowa ke ɗaukar hoto a gindinta, iska na kaɗa ka, yatsu sun ƙage. Saukowar ita ce mai cin gwiwa, kuma a nan ne mafi yawa suke faɗuwa da zama, don ƙarfi ya ƙare kuma hankali ya riga ya koma tanti. Hanyar kanta ba ta da abin kallo sosai, dutse ne tsirara. Ragon dutse irin na Abzin yana cikin gandun, amma sai mai rabo ke ganinsa. Ladan Tubkal a sama yake gaba ɗaya, in gajimare ya rufe ranar kuma, sai haƙuri.

Simiyen kuwa mota ce ke yi maka hawan. Daga Adis Ababa jirgi zuwa Gwandar, daga Gwandar kilomita kamar 100 zuwa Dabark, inda ofishin gandun yake. Nan ake biya, nan ake haɗa ku da ɗan rakiya mai bindiga, kuma dole ne. Hanyar mota ta shiga cikin gandun har sansanin Sankaber, mita 3,250, ta zarce zuwa Cennek, mita 3,600. Ka sauka a mota ka kafa tanti ba ka zubar da gumi ba.

Yawon can ba hawa ba ne sosai, bin gaɓa ne. Kana tafiya a kan tudu mai ciyawa, a gefenka ƙasa ta yanke tsaf, rami ya faɗa, a wasu wuraren har mita 1,500, ungulaye na shawagi a ƙasanka ba a samanka ba. Daga Sankaber ana zuwa kallon ruwan Jinbar da ke zuba cikin kwazazzabo daga tsayin kusan mita 500. Wanda ya kwana a sansanin Gic, wanda sai da ƙafa ake isa, zai je Imet Gogo, mita 3,926, ya dawo kafin azahar. Mai ƙarfi a jika da ya kwana a Cennek zai iya hawan Buwahit, mita 4,430, ya wuce Tubkal tsayi ke nan, da hawan da bai kai na Tubkal ba. A Tubkal yini ɗaya ne da hanya ɗaya, a Simiyen kai ke zaɓar nauyin yininka.

Sai birai. Jelada suke kiransu, kuma duk duniya a tsaunukan Habasha kawai suke. Ciyawa suke ci. Za ka tarar da garke ya bazu a fili, kowane ya zauna daram a kan gindinsa yana tsinkar ciyawa da yatsu da sauri yana kai wa baka, in ta ƙare ya ja gindi ya matsa gaba ba tare da ya miƙe ba. Namijin na da gashi har kafaɗa da jan tabo a ƙirji. In ka zauna shiru za su yi ta kiwo kusa da kai suna ƴan gunaguni da juna, ko kallo ba ka ishe su ba. Kada dai ka miƙa musu abinci. A duwatsun Cennek ne ake ganin waliya, bunsurun dutse mai manyan ƙahoni da babu shi ko'ina sai nan. Irin waɗannan ne suka sa hukumar UNESCO ta sa gandun cikin jerin kayan gadon duniya tun 1978.

Amma sauƙin motar nan shi ne tarkonta. Mutumin Yamai zai iya tashi daga mita 200 ya tsinci kansa a 3,250 cikin kwana biyu, jiki bai san abin da ake ciki ba. Dare na yi sai ciwon kai, tashin zuciya, barci ya ƙi. Likitocin da suka san harkar suna cewa in an wuce mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare guda. Don haka ka kwana a Gwandar, ka kwana a Dabark, sannan Sankaber. A Tubkal ma daga Imlil zuwa masauki tsalle ne na kusan mita 1,500, gara ku yi kwana biyu a Imlil, ku hau wata mashiga kusa ku sauko, kafin ku nufi sama. In ciwon kan ya ƙi sauka, ko mutum ya fara tangaɗi, maganinsa a sauko da shi nan take, ko da dare ne.

Zancen ci da salla, Maroko ta fi kwanciyar hankali. Yanka na Musulmi ne, masallaci a kowane ƙauye, Faransanci na aiki, kuma mutanen dutsen Amazig ne, harshensu dangin Tamajak, wanda ya taso a Tawa zai tsinci kalmomi. A Simiyen mafi yawa Kiristocin Otodoks ne, mahautansu daban na Musulmi daban, to ku gaya wa mai dafa muku tun a Dabark. Abin da ya sauƙaƙa shi ne suna azumin barin nama ran Laraba da Juma'a, don haka miyar wake da injera, faffaɗar wainarsu mai tsami, ba ta yankewa. Amharanci da Turancin Ingila ake yi, Faransancinka ba zai saya maka ko gishiri ba.

Lokaci: Simiyen daga Oktoba zuwa Maris, don damina daga Yuni zuwa Satumba take. Tubkal akasin haka, daga ƙarshen Mayu zuwa Oktoba, in ba haka ba dusar ƙanƙara ce, sai da ƙarafa masu haƙora a takalmi. Duka biyun dare na iya daskarar da ruwan gora, bargon hunturunmu ba zai yi ba, ku yi hayar jakar barci mai kauri.

In da dutse ne kaɗai abin dubawa, Simiyen zan ce maka ba tare da na yi jinkiri ba, don shi ya dace da abin da ka kwatanta. Sai dai gandun a jihar Amhara yake, inda tun 2023 ake faɗa tsakanin sojan gwamnati da mayaƙan Fano, hanyar Gwandar zuwa Dabark kuma a cikin yankin take. Bindigar ɗan rakiya ba ta maganin wannan. A Tubkal, tun bayan kisan wasu ƴan yawon buɗe ido mata biyu a Disamban 2018, ba a hawa sai da jagora mai lasin, jandarmomi na duba fasfo a hanya. Girgizar ƙasar Satumban 2023 ta taɓa ƙauyukan yankin, amma an ci gaba da hawa. Shawarata ku tafi Imlil, ku ɗauki ƙololuwar a matsayin ƙari in jiki ya yarda, Simiyen kuma ku jira ƙura ta lafa.

Kafin ku yanki tikiti, kowannenku ya san matsayin jininsa game da sikila. Mai ciwon ba shi da zuwa. Wanda yake ɗauke da rabin ƙwayar kawai, ko da bai taɓa jinya ba, saifarsa na iya toshewa a irin wannan tsayin, ya fara da ciwo mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari. Wannan ya je ya ga likita tukuna.