Finafinan Jarumai Sun Yi Yawa: Wanne Ne Ya Cancanci Kuɗinka?

Satin da ya wuce ƙanina ya turo mini sunayen finafinai shida, duk na jaruman nan masu tashi sama da ɗaga motoci, ya ce, "Yaya, kuɗin guda ɗaya gare ni, wanne zan ɗauka?" Na ba shi amsa a gurguje, daga baya na ga gara in baje ta a faifai, don ba shi kaɗai ke wannan tambaya ba. Tikitin sinima ya yi tsada, data ta yi tsada, kuma an wuce zamanin da mutum zai rufe ido ya ɗauki kowane fim na Marvel ko DC, manyan kamfanonin da ke yin irin waɗannan finafinai, yana da tabbacin ba zai yi da-na-sani ba.

Su kansu Amurkawan da ake yi wa finafinan sun fara ja da baya, kuma kuɗin da ake samu ne ya tona asirin. A 2019 Avengers: Endgame ya tara kusan dala biliyan 2.8 a duniya. A shekarar dai Captain Marvel ya haura biliyan 1.1, amma ci gabansa, The Marvels na 2023, dala miliyan 206 ya tsaya, mafi ƙanƙanta a duk jerin finafinan Marvel. Aquaman na 2018 ya haura biliyan ɗaya, na biyunsa bai kai rabin haka ba. Joker ma ya haura biliyan a 2019, na biyunsa a 2024 ya ɗan ɗara miliyan 200 da ƙyar. Kada adadin ya ruɗe ka, ka ce ai miliyan 200 ma kuɗi ne. Gidajen sinima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, ga kuma kuɗin talla wanda ba ya cikin kuɗin haɗa fim. Fim ɗin da aka kashe wa miliyan 200 yana bukatar wajen miliyan 500 kafin a fara maganar riba. Shi ya sa The Flash, da ya samu kimanin miliyan 270, ake lissafa shi cikin manyan asarori.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Daga 2008 zuwa 2019 Marvel ta yi finafinai 23, labari na ɗorawa kan labari a hankali har aka kai ƙarshe. Sai ga shi cikin 2021 da 2022 kaɗai ta fitar da finafinai 7 da shirye-shirye masu dogon zango 8, kowanne na rataye da ɗan'uwansa. Shugaban Disney na lokacin, wato kamfanin da ya mallaki Marvel, Bob Iger, ya amsa da bakinsa a 2023 cewa yawan ya raba hankalin kamfanin, daga baya ya ce za a rage. Abincin da ake ci safe da rana da dare, komai daɗinsa, wata rana sai ya gundura.

Ni ma'aunina na farko, wanda ba na sassauci a kansa, shi ne: fim ɗin yana tsayawa da ƙafarsa? Akwai ranar da na kwashi yara uku, nawa biyu da ɗan yayata, muka tafi wani gidan sinima. Kuɗin mota, tikiti, gugguru da lemo, abin da na kashe ya isa cefanen kwanaki. Ba a yi minti ashirin da farawa ba ƙaramin ya fara jan rigata: "Baba, wannan wace ce? Me ya sa take fushi da waccan?" Ban sani ba. Ashe sai ka kalli wani shiri mai kashi-kashi da wasu finafinai biyu kafin ka gane su wane ne a gabanka. Muka fito yaran sun yi tsit, babu mai kwaikwayon faɗa a hanya kamar yadda suka saba. Tun daga ranar, duk fim ɗin da zai ba ni aikin gida kafin in fahimce shi, na yafe. Na biya kuɗin cikakken labari, rabi aka ba ni.

Ma'auni na biyu, kada ka kula da kuɗin makon farko, wannan aikin talla ne. Mako na biyu ake dubawa, lokacin da waɗanda suka kalla suka koma gida suka ba da labari. Ant-Man and the Wasp: Quantumania ya buɗe da ƙarfi a Fabrairun 2023, a mako na biyu kuɗinsa a Amurka ya faɗi da kusan kashi 70 cikin 100. Akwai kuma wani kamfani, CinemaScore, da ke tsayar da masu kallo a bakin ƙofa daren farko su ba fim maki, daga A mafi kyau zuwa F mafi muni. A wannan fanni, inda masoya ne ke rige-rigen zuwa daren farko, makin B ma alamar matsala ce. Joker na biyu D ya samu.

Da waɗannan biyun na auna, kuma abin da na ce wa ƙanina shi ne: ɗauki Superman na 2025.

James Gunn ne ya ba da umarni, David Corenswet ya fito a matsayin aktan, ya fita ranar 11 ga Yulin 2025, tsawonsa awa 2 da minti 9. Shi ne fim na farko a sabon zubin DC, don haka babu bashin kallo a kanka. Wasu 'yan layuka a farko sun gaya maka duk abin da kake bukata, sai kawai ka ga Superman ya faɗo cikin dusar ƙanƙara, jina-jina, an doke shi a karon farko a rayuwarsa. Da ƙyar ya iya yin fito, sai ga karensa Krypto a guje, maimakon ya taimake shi ya hau tsalle a kan haƙarƙarinsa da ke ciwo. Wannan buɗewa ta saye ni nan take. An daɗe ana ba mu jarumai masu ɗaure fuska cikin duhu, kamar an yi musu dole su ceci mutane. Wannan yana jin ciwo, yana jin haushi, yana kuskure, kuma ya damu da kowa, har kurege ya tsaya ya ɗauke daga hanya ana tsakiyar faɗa da wani ƙaton dodo.

Inda fim ɗin ya fi burge ni ko naushi ɗaya ba a yi ba. Lois Lane, 'yar jarida kuma budurwarsa, wadda Rachel Brosnahan ta fito a matsayinta, ta zaunar da shi a ɗaki ta yi masa tambayoyi irin na 'yan jarida: wa ya ba shi izinin tsoma baki a yaƙin ƙasashe biyu, ƙasa mai ƙarfi na shirin mamaye maƙwabciyarta mai rauni? Tana matsa shi, yana kame-kame, har ya fusata ya ɗaga murya, don shi abin da ya gani kawai shi ne za a kashe mutane. An ɗauki mintuna ana wannan musu, kuma ban ga wanda ya taɓa waya ba a cikin waɗanda muka kalla tare. Ƙasashen biyu ƙirƙirarru ne, amma duk mai sauraron labaran duniya zai ji abin a jikinsa lokacin da yaran ƙasar da aka zalunta suka ɗaga tuta suna kiran sunansa. Sai kuma zamansa da mahaifin da ya raine shi, tsohon manomi a Kansas mai magana a hankali, wanda hawaye ke cika masa ido idan zai yaba wa ɗansa. Duk wanda ya taɓa komawa ƙauye gaban tsohonsa bayan duniya ta juya masa baya zai gane wannan zama. Bos ɗin, Lex Luthor, Nicholas Hoult ya yi shi da hassada tsagwaronta, irin wadda ke hana mutum barci. Kuma a sa ido kan wani jarumin, Mister Terrific, wanda Edi Gathegi, haifaffen Kenya, ya fito a matsayinsa; faɗansa guda ɗaya a bakin teku ya fi ƙarshen finafinai da yawa.

Yana da nasa rauni. Tsakiyarsa ta cika da mutane, wani ɓangaren na wata duniyar kurkuku ya ja da yawa. A kasuwa ma bai yi abin a zo a gani ba a wajen Amurka: ya buɗe da dala miliyan 125 a gida, ya ƙare da ɗan abin da ya haura miliyan 600 a duniya, fiye da rabi daga Amurka. Duk da haka shi ne kan gaba a finafinan jarumai na 2025, masu kallo sun ba shi A-, kuma a mako na biyu kusan rabi kawai ya sauka. Ga masu kallo da iyali, akwai sumbata a wurare biyu, waɗanda hukumar tace finafinai ta Indiya ma ta datse, sai a riƙe rimot a hannu.

Sauran fa? The Fantastic Four: First Steps shi ma ba ya bukatar aikin gida, yana da tsabta, shi ne na biyu a wurina, sai dai ba ya zama a rai. Thunderbolts* an yaba masa, amma kusan kowa a cikinsa daga wani tsohon fim ko shiri aka kwaso shi, ga shi bai kai miliyan 400 ba. Captain America: Brave New World yana so ka tuna fim ɗin Hulk na 2008, ka wuce shi. Madame Web da Kraven the Hunter ko kyauta aka ba ka, datarka ta fi su daraja. Deadpool & Wolverine ya tara sama da biliyan 1.3 a 2024, amma na manya ne zalla, ashar da jini daga farko har ƙarshe, kada ya shiga falo. Spider-Man: Across the Spider-Verse gwanin kyau ne, sai dai a tsakiyar labari ya tsaya, ci gaban da aka yi alkawari a 2024 an ɗaga shi zuwa 2027. Guardians of the Galaxy Vol. 3 kuwa, idan ka ga biyun farko, kada ka bari ya wuce ka.

To, zaɓen fim ma shi ne mai sauƙi. Inda ake cin kuɗin mutane shi ne wajen samo shi, kuma nan nake so a buɗe kunne.

Mafi yawan cuta ita ce kwafin kyamara. Wani ya shiga sinima da waya ya ɗauko allon, a kawo maka a ce "fes ne". An taɓa yi mini a wani shagon tura finafinai. Yaron ya rantse mini mai kyau ne, na biya, na sayi man janareta, na tara gida bayan isha'i. Hoton ya karkace, sauti kamar daga cikin rijiya, tallar caca na yawo a tsakiyar allo, can sai ga inuwar wani ya miƙe ya ratsa gaban aktan, ana jin tarin mutane da dariyarsu. Finafinan jarumai sun fi kowanne lalacewa a irin wannan kwafi, domin manyan faɗace-faɗacen cikin dare ko hayaƙi ake yin su, sai ka ga baƙi kawai yana motsi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: muddin fim yana makonninsa na farko a sinima, babu kwafi mai kyau a hannun kowa. Superman ya fita 11 ga Yuli, sai 15 ga Agusta aka fara sayar da shi a intanet a hukumance, kuma wannan ma an yi sauri. Duk wanda ya ce yana da shi fes a tsakanin nan, ƙarya yake yi. Hanya mafi aminci ita ce sinima, ko manhajar da ke da lasisin nuna shi.

Sai masu "cikakken fim" a YouTube da Facebook. Za ka ga awa biyu cif, hoto mai ɗaukar ido, ka danna: wasan kwamfuta ne aka naɗa, ko talla ɗaya ake ta maimaitawa, datarka ta tafi. Yanzu kuma an ƙara da tallan bogi da ake haɗawa da ƙirƙirarriyar basira, fuskokin 'yan wasa na gaske a fim ɗin da ba a yi ba. Tun da aka sanar a Yulin 2024 cewa Robert Downey Jr., wanda ya yi Iron Man, zai dawo finafinan Marvel a matsayin bos Doctor Doom, irin waɗannan suka cika gari. Ka duba wanda ya ɗora: idan ba shafin kamfanin ba ne mai alamar tantancewa, ka wuce.

Wanda ya fi haɗari shi ne shafin da zai ce kallo kyauta ne, "ka sa lambar katinka don tabbatarwa kawai". Fim ba ya bukatar lambar BVN ɗinka, ba ya bukatar lambobin da banki ya turo maka ta saƙo. Haka manhajar da za a turo maka a WhatsApp ko Telegram a ce sai da ita fim zai buɗe, kana sakawa ta nemi izinin karanta saƙonninka. Mai son karanta saƙonninka asusunka yake nema. Na san wanda aka kwashe wa kuɗin jarinsa ta wannan hanya, a kan fim ɗin da bai ma gani ba. Masu sayar da asusun manhajojin kallo a farashin banza su ma a yi hattara: mutum goma ake sayar wa asusu ɗaya, bayan kwana uku a canza kalmar sirri, lambar mai sayarwa ta daina shiga.

Masu son fassarar Hausa, ku ma ku lura. Akwai masu fassara da suka san aikinsu, akwai kuma wanda bai fahimci labarin ba sai ya ƙirƙiro nasa, ya yanke duk wurin hira ya bar faɗa. A Superman, idan aka cire hirar Lois da zaman Kansas, an cire fim ɗin. Wasu kuma suna raba fim ɗaya gida huɗu su karɓi kuɗin huɗu.

Kuma saboda sunan ɗaya ne, ana sayar wa mutane tsoho a matsayin sabo. Akwai Superman na 1978, akwai Superman Returns na 2006, akwai Man of Steel na 2013. Kafin ka miƙa kuɗi ka sa a kunna maka a gabanka. Ka duba tsawonsa ya kai awa 2 da minti 9, ka tsallaka tsakiya da wajen ƙarshe ka ji sauti, sannan ka koma mintunan farko. Idan ba ka ga farin kare da jan mayafi yana tsalle a kan mutum cikin dusar ƙanƙara ba, ba shi ba ne, ka karɓi kuɗinka.