Wayar Hajiya: mai maɓalli ko ta shafawa?

A unguwar Aboabo ta ƙasar Ghana ana yawan tambayata wace waya za a saya wa tsohuwa.

Mai maɓalli arha ce, caji ɗaya ya kwana uku, kuma danna *170# ya ishe ta harkar MoMo, wato turawa da karɓar kuɗi ta waya. Ba WhatsApp, balle saƙon “kin ci kyauta, danna nan” da ke yawo a cikinsa. Amma ɗan damfara zai iya kira, murya a sanyaye: “Hajiya, na yi kuskuren turo miki kuɗi, ki mayar.” Nan sai ta duba asusunta tukuna, kuma lambar sirri ba ta faɗuwa.

Ta shafawa tsada, ga cin data, ga tarko barkatai. Sai dai ana ganin jikokin da ke Jamus ido da ido ta kiran bidiyo.

Hajiyar da ke zaune ita kaɗai, mai maɓalli ta fi mata. Wadda jika ke gefenta yana duba mata saƙonni, ta riƙe babbar.