Injin wanki mai busarwa a gidajen hayar Ingila: wanki ya yi, shanya da saura

Iyalin da suka tashi daga Katsina ko Daura suka kama haya a Landan, Manchesta ko Bamingam za su tarar da injin wanki a kicin, ƙarƙashin kanta, kusa da wurin wanke-wanke. A ƙananan gidajen bene sau da yawa biyu-a-ɗaya ne, ya wanke kuma ya busar. Hotpoint, Indesit, Beko da Bosch duk suna yin irinsa, aikinsu kuma bai bambanta sosai ba. Hukuncina a kansa: wajen wanki ba shi da laifi, wajen busarwa kuwa ba zai riƙe gida mai yara huɗu ko biyar ba, kuma akwai kayanmu da ko kusa bai kamata su shiga cikinsa ba.

Fara duba lambobi biyun da ke goshinsa, misali 8 da 5. Ta farko kilo nawa yake wankewa, ta biyu kilo nawa yake iya busarwa. A nan mutane ke faɗawa. Uwargida ta cika ganga, wato cikin injin inda ake zuba kaya, ta danna wanki da busarwa a jere, bayan awa biyar ko shida ta buɗe ta tarar da kaya da zafi, da danshi, sun yamutse. Dalili kuwa, busarwa tana son sarari don iska mai zafi ta ratsa tufafi. Ƙa'idar ita ce, a wanki ki bar faɗin tafin hannu tsakanin kaya da saman ganga, a busarwa kada kaya su wuce rabi. Ke nan duk wanki guda sai an kasa shi biyu, kuma muddin yana busarwa ba a wanke wani. Yawancinsu ma da ruwan sanyi suke mayar da tururi ruwa, don haka ko a busarwar suna shan ruwan famfo, ga wuta da suke ja.

Sabulu: kada a yi dakon garin omon wankin hannu daga gida. Kumfarsa ta yi wa wannan inji yawa, sai ta toshe aljihun sabulu ko ta hana shi matsewa. Aljihun yana da gida uku: mai alamar II na sabulun wanki ne, mai I na jiƙon farko, mai hoton fure na ruwan laushi. Sabulun ruwa mai kauri kamar mililita 35 ya isa wanki ɗaya, amma a duba jikin gorar, domin ruwan Landan da kudu maso gabashin Ingila mai nauyi ne, yana cin sabulu yana kuma barin farin ɓawo a cikin inji. Ƙulle-ƙullen sabulun nan masu launi a gindin ganga ake jefa su kafin kaya, kuma a ajiye su sama, yara na ɗaukarsu alewa. Wanda aka rubuta wa bio yana da sinadarin da ke cin tabon abinci da gumi a zafin digiri 30 zuwa 40. Kayan makaranta da na wasa 30 ko 40 sun ishe su, tawul da zanin gado 60. Kayan jariri ko duk abin da najasa ta taɓa, a ɗauraye shi da ruwa zalla a banɗaki kafin ya haɗu da sauran.

Inda ya fi burge ni shi ne matsa. Juyi 1200 ko 1400 a minti yana fitar da ruwan da hannu ba zai taɓa fitarwa ba, kuma shi ne ke rage wahalar shanya. Sai dai ƙararsa. A gidan bene kada a kunna shi tsakar dare, maƙwabcin ƙasa zai kai ƙara wurin mai gidan haya.

To, sai kayanmu. Shadda ba ta shiga busarwa, ko sau ɗaya. Ƙyallinta daga gogewar masana'anta da bugu yake, zafi da juyi kuma su ne ke kashe shi, can kuma babu masu bugu da za su dawo da shi. Maigida da ya kashe kuɗi ya ɗinka Getzner, a wanke masa ita da hannu cikin bahon wanka, ruwan sanyi, sabulu kaɗan, ba cuɗa mai ƙarfi ba murɗawa, a rataye ta ta tsane. Idan dole sai inji, a juya cikinta waje, a zaɓi wankin kaya masu laushi a 30, a sauke matsa zuwa 600 ko 800. Babbar riga mai aiki da leshi mai duwatsu a sa su cikin jakar raga, in ba haka ba zare ya sarƙe, duwatsu su zube su tafi matatar da ke tace ruwan injin. Sabuwar atamfa da rinin gida suna zuba, wankin farko su kaɗai a ruwan sanyi. Hula kuwa kada ma a gwada. Da ta juya a ganga ta rasa tsayuwarta, babu mai wankin hula da gungumensa a kusa. Gara a tafi da guda biyar ko shida, a riƙa aiko da su gida in an samu mai zuwa.

Sitaci ana samun na fesawa a manyan kantuna. Wanda bai samu ba ya dama cokali ɗaya na garin sitacin masara a rabin lita na ruwa ya zuba a gorar fesawa. A yi guga kaya na da ɗan danshi, ta bai. Ɗigo ɗaya a tambarin riga yana nufin zafin guga kamar digiri 110, biyu kamar 150, uku kamar 200. Dutsen guga na gida zai yi aiki, ƙarfin wutar Ingila volt 230 ne kamar na gida, kuma soket ɗin mai baki uku irin namu ne. 

Tabon manja da na turaren mai a shafa musu sabulun wanke-wanke kafin wanki, a kuma duba kafin busarwa. A Katsina rana ce ke cinye ragowar jan manja a kan igiya. Can ba rana, in zafin inji ya gasa tabon ya zauna ke nan.

Tunda busarwarsa ba ta wadatarwa, yawancin kaya a kan ƙarfen shanya mai naɗewa za su bushe, cikin ɗaki. Wanki ɗaya na iya sakin ruwa kusan lita biyu a iska. Taga a rufe saboda sanyi, ruwan nan sai ya kwanta a bango da bayan kabad, funfuna baƙa ta fito, yaro mai asma ya wahala, ranar tashi kuma a zaftare kuɗin ajiyar da aka biya lokacin kama haya. Maganinsa na'urar tsotse danshi: a rufe ɗaki ɗaya, a jera shanya da tazara, a kunna ta kusa. Wutarta ba ta kai ta busarwar inji ba. Bargon gado mai kauri kuwa a kai shi shagon wanki na unguwa, inda ake da manyan injuna.

Idan inji ya tsaya da ruwa a ciki ya ƙi buɗe ƙofa, kafin a kira mai gida a duba matata. Tana bayan ƙaramin murfi a ƙasa, galibi ta dama. A kashe wuta, a shimfiɗa tsumma, a tara faranti mai zurfi, a kwance ta a hankali. Sulalla, fil ɗin mayafi da safar jariri ne suka fi toshe ta. Sau ɗaya a wata a kunna shi babu kaya a zafi 60 ko 90, a goge cikin robar bakin ƙofa, a bar ƙofar da aljihun sabulu a ɗan buɗe don kada ya yi wari. Wanda zai sayi nasa sabo kuma ya tabbata an cire kusoshin da ke riƙe ganga ta baya kafin a kunna, in kuma akwai fili a gidan, injin wanki daban da na busarwa daban sun fi wannan.