Laftof ɗinka na yawan yanke waifai? Ga abin da ya kamata ka saya

Kafin ka ciro riyal ko ɗaya, ajiye wayarka kusa da laftof ɗin. Idan wayar na riƙe da intanet lafiya lau amma laftof ne ke yankewa, to rauta, wato na'urar da ke raba waifai a gida, ba ta da laifi, kada ka sayi sabuwa. Shiga Device Manager, wato shafin Windows da ke jera kayan cikin laftof, ka cire alamar da ke ba Windows damar kashe katin waifai don tattalin batir, ka sabunta direba, wato manhajar da ke sarrafa katin. In matsalar ta ci gaba, sai a yi maganar saye.

Ni dai zaɓina shi ne a canja katin waifai na cikin laftof, a sa Intel AX210, ko ƙanensa AX200 in aljihu bai kai ba. Dalilina kuwa irin gidajen da muke zaune a Jidda da Makka ne: bene cike da maƙwabta, kowane falat da rautarsa, duk sun yi cunkoso a layin waifai na 2.4GHz, ga bangon kankare. Katin ciki yana aiki da eriyoyi biyun da ke kwance a bayan gilashin laftof, shi ya sa yake kama layin 5GHz, wanda bai kai 2.4GHz cunkoso ba, da kyau. AX210 har 6GHz yake hawa, wadda Saudiyya ta buɗe wa waifai tun 2021, amma sai da Windows 11 da rauta mai Wi-Fi 6E. Ga Bluetooth a ciki kyauta. Sukuru ɗaya ne ke riƙe da katin, sai wayoyin eriya guda biyu masu ɗan kai kamar maɓallin riga, kuma in an danna su a karkace sukan lalace, don haka mai rawar hannu ya kai wa mai gyara. A fara dubawa ko katin laftof ɗin a ramin M.2 yake, wato ramin da ake iya zare kati a sa wani, domin wasu siraran laftof an liƙe katinsu da dalma, wasu tsofaffin Lenovo da HP kuma ba sa karɓar baƙon kati. AX201 da AX211 sai da wasu furosesocin Intel suke aiki, kada sunan ya ruɗe ka.

Ɗan mitsitsin katin waifai na USB irin TL-WN725N? 2.4GHz kawai yake ji, cikin cunkoson zai sake jefa ka. Archer T3U ya fi shi, na wucin gadi. Na'urar ƙara zango kuwa ba ta gyara laftof mai ciwo.

Sai batun jabu, nan ne ake cin mutanenmu. An taɓa miƙo mini kati a wani shago, takardarsa fes da sunan AX210, muka sa a laftof sai ga sunan wani tsohon kati daban. Takardar kawai aka canja. Don haka a sa maka shi a gabanka, ka buɗe Device Manager ka duba Hardware Ids: na Intel zai nuna VEN_8086, AX210 kuma DEV_2725, AX200 DEV_2723. Mai shago ya ce "wallahi asli ne, ya akhi", ka ce masa to mu gani. Masu USB ma haka: za ka ga dogayen ƙahoni biyu, ciki fanko, roba zalla. Kwali ya ce 1300Mbps, alhali jimillar layin 2.4GHz da na 5GHz aka haɗa, kuma in bakinsa USB 2.0 ne ba zai wuce 480 ba ko a takarda. Wanda ya hana ka fatura (rasit) ko ya ƙi yarda da mayarwa, bar masa kayansa, musamman a shafukan sayar da kwance inda mai kaya kan kashe waya da zarar kuɗi sun shiga.