Darbil ko teleskob: wanne za a saya don kallon taurari?

'Yan uwa a Jidda da Makka sun sha tambayar wannan, musamman iyayen da yaransu suka fara sha'awar sararin samaniya.

Madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda Larabawan nan ke kira darbil, ya fi araha da sauƙin ɗauka. A nemi mai lamba 10x50: yana kusanto da abu sau 10, faɗin gilashinsa milimita 50. Da shi ana ganin ramukan wata, da Kaza da 'Ya'yanta, har da manyan watanni huɗu na duniyar Mushtari (Jupiter) kamar ɗigon haske. Matsalarsa rawar hannu. A jingina gwiwar hannu a kan mota. In ya wuce sau 10, sai da ƙafa, wato abin da ake ɗora shi a kai ya tsaya.

Teleskob kuwa shi ke nuna zoben duniyar Zuhal (Saturn), abin da darbil ba zai iya ba. Lissafin kusantowarsa: a raba tsawon fokas ɗinsa (nisan da gilashinsa ke tattara haske) da na gilashin ido (ƙaramin gilashin da ake leƙawa), misali milimita 700 raba 20, sau 35 ke nan, kuma ya isa. Amma filin da yake nunawa ƙarami ne, nemo tauraro na cin lokaci, sannan juyawar duniya na janye shi daga gani. Ƙafa mara ƙarfi ce ke lalata yawancin masu araha. Ƙura ma na ƙarce gilashi, a hure ta kafin a goge.

Kada a taɓa kallon rana da ko ɗaya, ido na ƙonewa nan take.

Mai farawa, ko mai fita tsaunukan Ɗa'ifa da iyali, darbil ya dace da shi. Mai haƙuri da ke son duniyoyi, kuma yana da saman soro inda zai kafa shi, ya sayi teleskob.