Macijiyar da na yi oda: wuyanta ya karye sau biyu, amma ta hana mu barci

Sati biyar na yi ina jiran wannan macijiya, ɗan ƙaramin mutum-mutumi ce da na yi oda don wasan da muke yi a kan tebur. Ranar da mai kawo kaya ya kira ina wurin aiki, na ce ya ajiye min a ƙofar gida, kwalin ya sha ranar Jidda tun azahar har bayan la'asar, a watan Agusta. Da na buɗe na tarar jelar ta lanƙwashe ta kwanta gefe guda. Wannan ban ɗora wa mai sayarwa ba, kuma gyaransa ba wuya: na tsoma ta a ruwan zafi, na miƙar, na saka a ruwan sanyi, ta tsaya cak. Abin da na ɗora masa shi ne wuya. Kan yana ta gangare shi kaɗai a gindin kwali, jikin kuma an naɗe shi da leda falle ɗaya tak. A hoton talla kore ce da ratsin baƙi da jajayen idanu, wadda ta iso hannuna kuwa ruwan toka ce, ko ɗigon fenti babu. Na yi masa magana, ya ce ai an rubuta a ƙasan tallar. Na koma na duba, lallai an rubuta, da haruffa kamar ƙafar kiyashi. Maganar wuya kuwa ko uffan bai ce ba. Ku da kuka san abin da ake biya kafin irin waɗannan kaya su shigo Saudiyya, kun san yadda raina ya yi.

Na manne kan da sufa gulu, na yi daren biyu ina fenti, don na riga na yi wa abokan wasana alkawari. Mu biyar ne, muna haɗuwa ranar Alhamis bayan isha'i tunda Juma'a ba aiki, ni ke jan labarin a wasan Dungeons & Dragons, wasan da kowa ke fitowa a matsayin wani jarumi cikin labari, ana jefa ɗan ludo don a ga abin da zai faru. Dodon da na saya shi ne wanda littafin dodannin wasan, Monster Manual na 2014, ya kira spirit naga: jikin maciji, fuska mai kama da ta mutum, mugunta tsantsa. Kalmar naga daga Indiya ta fito, maciji take nufi. Ba ta da hannu, don haka da baki kaɗai take sihirinta.

Ban kai su wani kogo na Turawa ba. Na gina musu gari mai rijiya ɗaya, macijiya ta hana ɗiban ruwa sai rana ɗaya a mako. Kowa a ɗakin ya gane inda na dosa, babu wanda ba a ba shi labarin Kusugu da Bayajidda ba yana yaro, har waɗanda aka haifa a nan ba su taɓa taka Daura ba. Abin da nake so ke nan. Suka ɗauka za su sauka, su sare kai, su fito a yi musu guɗa.

Biyu daga cikinsu wa da ƙani ne, uwa ɗaya uba ɗaya, a wasan ma 'yan'uwa suke fitowa. Babban mai takobi ne, ƙaramin shi ke warkar da su idan an ji musu rauni. Da suka isa ƙasan rijiyar, cikin wani lungu siriri, ban bari ta kai musu sara ba. Ta fasa kai kamar kumurci, ta yi musu sannu da zuwa da harshen mutane. Tana iya karanta abin da ke zuciyar mutum, sai na ɗauko abin da babban ya rubuta da hannunsa a takardar jaruminsa watanni da suka wuce, ya ma manta: cewa mahaifinsu ƙaramin ya bar wa gona. Na sassauta murya na ce, "Kai ne ka yi noman, shi aka ba." Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki.

Sannan na ce ya jefa ɗan ludo mai fuska ashirin. Sihirin mallake mutum ne, yana buƙatar 14 ya tsira, kuma da yake ba a fara faɗa ba, jifa ɗaya ya samu maimakon biyun da ake ba wanda ke cikin faɗa da ita. Ya jefa 5. Na miƙa masa 'yar takarda a ninke. Ya karanta, ya ɗago ya kalli ƙaninsa, ya ce, "Ka yafe ni." Sara biyu ya kai masa, duka suka shiga. Yaron ya miƙe tsaye da gaske, ya ce, "Haba Yaya, ni? Ni da na tashe ka sau uku?" Shi kuma yana ta cewa wallahi ba shi ba ne, ita ce. Ban taɓa ganin mutane sun shiga cikin labari haka ba a duk shekarun da na yi ina jan wasa. Kafin su farfaɗo ta saki tsawa a cikin lungun, layi ɗaya mai tsawon ƙafa 100, raunin da take yi na 'ya'yan ludo takwas ne masu fuska shida, ta ɗebi mutum biyu a tsaye. A wannan lokacin na yafe wa mai sayarwa komai, na ce a raina kuɗina bai tafi a banza ba.

Maharbinsu ne ya cece su. Kibiyarsa ta same ta, hankalinta ya rabu, sihirin ya saki babban wa. Suka yi mata ca. Na tura ta gaba a kan taswira don ta sari mai takobi, saran da dafinsa kaɗai 'ya'yan ludo bakwai ne masu fuska takwas, ina cikin kwatanta yadda haƙoran suka nutse, sai kan ya ɓalle daga wuya, ya gangara kan tebur, ya faɗa cikin kofin shayi. Dariya ta ɓarke. Tsoron da na kwashe awa biyu ina ginawa ya watse a ƙiftawar ido, ban kuma iya dawo da shi ba a daren. Abin ya yi min zafi ƙwarai, har yanzu idan na tuna sai na ji shi. Wuyan siriri ne, kan da fasasshen wuyansa yana da nauyi, ba a sa ko ɗan ƙarfe a ciki ba. Duk wanda ya zuba ta ya san ba za ta jure taɓawa ba, kuma abin wasa ai don taɓawa aka yi shi.

Ita kanta dodon ma tana da nata rauni, gara in faɗa. Ranta, wato yawan raunin da za ta iya ɗauka kafin ta mutu, 75 ne kawai, sulkenta kuma, lambar da ake buƙata kafin sara ya shiga, 15. Mutum huɗu da jarumansu ke mataki na shida na ƙarfi sun gama da ita a zagaye uku da zarar sun iso kusa. Wanda zai yi amfani da ita kada ya bar ta ita kaɗai. Ya ba ta bayi a gaba, ko ya tuna tana da sihirin ɓacewa ta bayyana har nisan ƙafa 500. Ni na manta da shi saboda ɓacin rai.

Amma akwai abin da ban gaya musu ba. Suna ta murna, ni kuma a bayan allon da ke kare takarduna daga idonsu na jefa ɗan ludo ɗaya mai fuska shida, ya ba ni 4. Wannan macijiya idan an kashe ta, cikin kwana ɗaya zuwa shida take dawowa da ranta cif, kuma sihiri ɗaya ne tak ke hana hakan, na mataki na tara, wanda jarumi ba ya kai wa gare shi sai ya hau mataki na 17. Alhamis ta gaba na bar sarkin garin ya yi musu kwana uku ana shagali. Rana ta huɗu wata yarinya ta je ɗiban ruwa, ta dawo ba guga, ta tsaya gaban mai takobi ta ce, da wata murya da ba tata ba, "Gonar fa?" Ƙaramin ya ajiye biro ya riƙe kai. Sai ƙarfe biyu na dare muka tashi, kuma har muka fito bakin titi suna gardamar yadda za a ɗaure abin da ba ya mutuwa.

Gwaggona da nake zaune a gidanta ta ga abin a kan tebur tun ranar farko, ba ta ji daɗin fuskar ba. Na yi mata bayani cewa sihirin nan lissafi ne a kan takarda, ba wani abu ba, ta ce ta ji, amma siffa mai fuska ba ta son ta a fili a gidanta. Na ga gaskiyarta, a akwati nake ajiye ta. Da ta ji kan ya sake cirewa, cewa ta yi, "Ɗana, ka bar shi haka mana."

Ban bar shi ba tukuna. Na huda wuyan da ƙaramin abin huji, na cusa guntuwar waya, na sake mannewa, yanzu ta zauna daram amma tabon yana nan, fenti bai rufe shi ba. Dodon zan ci gaba da amfani da ita har ƙarshen labarin nan, kuma ina ba kowane mai jan wasa shawarar ya gwada ta. Wurin wancan mai sayarwa kuwa ba zan koma ba. Saƙo na uku na tura masa da hoton kan a cikin shayi, alama ta nuna ya buɗe tun ranar Talata.